Kabarin Larai ta Karare

Ranar kasuwar Batsari ina tallar daddawa, kunnena kuwa yana rumfar wanzami, inda ake wa wani kukun Bature Di'o aski.

Kukun ya ce, "Malta sunan ƙasar, baba. Maigidana ya tafi da ni yawon buɗe ido. Duk ƙasar ba ta kai nan da Safana ba, amma kowane kabari da dutsensa da sunansa."

"Ikon Allah. Me ya kawo ka nan?"

"Ina can uwata ta rasu, Larai ta Karare. Kabarinta nake nema."

Wanzami ya tsai da aska.

"Da ni aka kai ta. Damina ta baje wurin."

"Ko itace ba a kafa ba?"

"Ɗanta muka yi ta jira, yaro."