Baba Ba Ya Amsa Saƙo Sai da Sallama

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Na gode da littafin barkwancin saƙonnin iyaye da 'ya'yansu da ka karanto mana. Na sha dariya, kamar da Babana aka rubuta shi.

Yana Guri, ni ina aure a Haɗeja. Da aka yi ambaliya bana, hankalina ya tashi, na tura masa saƙo: "Baba, kuna lafiya?"

Sai ya rubuto: "Ke Hadiza, haka ake faɗa wa gidan mutane?"

Na koma na yi sallama. Ya ce: "Yawwa. Shinkafa ta tafi, amma mu duk muna nan."

Alhamdu lillahi. Malam, ka gaishe min da shi, yana saurare. Amma don Allah ka fara da sallama.