Kakan Wa Ke Jikin Bango?

Ina hutar da gwiwa a bencin ƙofar ofishin shugabar gidan zane-zanen garinmu, sai ga wata dattijuwa da wani mai sanƙo, kowa riƙe da tsohon hoto.

"Malam, kai ma cigiyar nan ce ta kawo ka?" ta tambayi mai sanƙon.

"Ita ce. Zanen matuƙin jirgin ruwan da aka shekara tamanin ba a san ko wane ne ba. Kakana ne, Kamiel. Yau za a rubuta sunan gidanmu a ƙasansa."

"Bawan Allah, sake tabarau. Kamiel kakana ne! Mutumin kirki. Litinin zuwa Laraba yana gida, sauran kwanakin yana kan ruwa, dakon kwal zuwa birnin Ghent."

"Mu a Ghent muke. Ran Alhamis yake dawowa gida."

Suka jera hotunan. Hula ɗaya, gashin baki ɗaya, matan da ke gefensa ne daban.

"Tsohon banza!" in ji ta. "Kakata har ta mutu tana tausayinsa, wai sanyin ruwa."

"Tawa safa take saƙa masa."

Shugabar ta leƙo. "Wa ya gane mutumin?"

"Ni bayan gida nake nema," in ji dattijuwar.

Mai sanƙo ya cusa hotonsa a aljihu. "Ni yayata na rako."