Ku Tsaya Haka, Kar Ku Motsa

Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto, likitan da ya yi mini aiki, uwargida da yara, 'yan'uwa da abokan arziki, assalamu alaikum.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya maido mini da ganina, sannan ina gode muku, ku da kuka yi ta sintiri a asibiti har masu gadi suka haddace fuskokinku.

Magana biyu gare ni. Ta farko, ba a banza kuke ce mini Sarkin Yawo ba. Da na ji ana taro sai in rataya kyamara, ina wannan hankalina yana kan na gobe. Na ɗauki dariyar mutane ba adadi, amma in na dawo gida sai in ji zuciyata wayam, kamar zaure bayan an kwashe kujeru. Kullum gani nake daɗin yana taro na gaba.

Ta biyu, da duhu ya rufe idona na dama, wanda nake leƙa kyamara da shi, aka yi mini aiki. Likita ya ce, "Ka kwanta rub da ciki, fuska ƙasa. In ka ɗaga kai, idon zai iya tafiya." Uwargida tana hawaye tana dariya ta ce, "Baban yara, yau kai ma an ce maka tsaya haka, kar ka motsa!"

Kwana da kwanaki ina kallon tayil guda mai tsaguwa a gefe. Tsoro ya zo, ya wuce. Haushi ya zo, ya wuce. Ƙarar cokali a kofi, takun jikata a bakin ƙofa, kowanne ya zo ya wuce. Sai na lura akwai wanda bai wuce ba, wato ni da nake sane da su. Jama'a, a nan na huta. Hutun da na ƙarar da takalma ina nema, ashe yana zaune inda na baro shi.

Ranar da aka cire bandeji na ga fuskar uwargida tar, wallahi na yi kuka, kuma hannuna bai lalubi kyamara ba.

'Yan'uwa, ku nemi abincinku, amma kada ku jira sai likita ya kifa ku kafin ku zauna da kanku. Allah Ya tsare mana idanunmu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya mai da kowa gida lafiya.

Yau ban zo da kyamara ba. Amma don Allah ku tsaya haka, kar ku motsa. Kallonku nake yi.

Na gode.