Kalmar da Na Jefa wa Sale

Buhun barkono biyu na kai kasuwar Makarfi, Sale kuma ya sayar da tunkiyar matarsa, shi ne kuɗin motarmu zuwa Ikko. Sale ɗan baffana ne, uban Hauwa mai ƙosai ɗin nan ta bakin masallaci. Ku matso, tunda kun dame ni da tambayar abin da ya sa ba na kiran abin ɗaure akuya da sunansa. Kai Nura, kai da ke ta ɗokin tafiya, buɗe kunnenka.

Mu da ruwanmu bai wuce rafin Janfalan ba, wanda akuya ke tsallakewa da rani, sai ga mu gaban teku. Sale ya riƙe baki ya ce, "Iro, wannan ina gaɓarsa ta can?" Na ce masa sai dai mu tambayi mai shi.

Aikin jan taru muka samu wurin wani mai jiragen kamun kifi, gajere mai tumbi, kowa Oga yake ce masa. Za a kai taru can ciki, mu kuma mu jeru a yashi muna ja. Yini Oga yake yi yana ihu, "Fulam! Fulam!" Kwana uku ina waige ina neman Bafulatanin da ake kira, ashe wai "ja shi" yake nufi da Turancinsu. Hausarsa kuwa, in ka cire "aboki", kalma ɗaya ce tak: igiya. In ka sake hannu ka share gumi, sai ka ji, "Aboki, igiya!"

"Oga, hannuna ya fashe."

"Igiya!"

"Oga, azahar ta yi."

"Igiya!"

To, akwai wani tsoho mutumin Nijar, Baba Ide, mai gyaran taru, wanda ya shekara talatin a bakin ruwan nan. Shi ya zaunar da mu ya ce ruwa ma yana da sunaye. Ƙananan da ke zuwa su lashi ƙafarka, taguwa. Masu bi sahu-sahu kuwa, igiyar ruwa. Amma akwai wanda ke tasowa da tozo, ya fi soro tsayi, shi ne raƙumi. "In kun ji an ce raƙumi, kada ku waiga, kada ku ɗauki takalmi. Ku ba ƙafa iska."

Sale ya yi dariya har da buga cinya. "Baba, ga taguwa, ga igiya, ga raƙumi, ashe tekun nan ayarin fatake ne, saura goro!" Baba Ide bai yi dariya ba. Ni ma a raina na ce duk igiyar ruwa ce, tsoho ne da son iyayi. A rediyo ma ai haka muke ji, igiyar ruwa, ba wanda ya taɓa raba mana babba da ƙarama.

Wata Talata da hantsi, ruwa na ta kumbura tun safe, taru ya sarƙe. Oga ya tura Sale ya kwance, don ya fi mu tsayi. Ya shiga har ƙugu, ya ba teku baya. Ina tsaye a tudu sai na ga abu ya taso baƙi ƙirin, da farin kumfa a kansa. Wallahi na san sunansa. Yana cikin kaina. Amma bakina abin da ya saba da shi tun daga gida ya fitar.

"Sale! Igiya! Igiya!"

Ya ɗago ya dube ni, ya gyaɗa kai, irin na "na ji". Sai ya sunkuya ya kama igiyar taru da hannu biyu.

Baba Ide ne ya ƙwala, "Raƙumi!" Sale ya saki, ya yi taku biyu. Biyu kacal. Ruwan ya rufe shi, ya zo har inda nake ya kayar da ni, ya koma. Muka ja tarun nan, mu wajen ashirin, muna ja muna salati, muka fito da kifi da ciyawa da takalminsa ɗaya. Kwana huɗu ina bin gaɓa. Ban iya iyo ba, ba ni da jirgi, ban san wanda zan kai wa ƙara ba. Oga ya ce ruwa ya karɓi nasa, gobe akwai aiki.

Na dawo gida da jakarsa a kafaɗa. Inna, mahaifiyarsa, ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce, "Iro, ka dai ga inda aka sa shi?" Na ce babu kabari, Inna. Sai ta ce, "Da kana kusa ai da ka kira shi."

Na ce, "Na kira shi, Inna."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Har ta koma ga Allah tana sa mini albarkar nan, ni kuma ban taɓa iya gaya mata da wace kalma na kira shi ba.