Shagon Bakin Titi

A tashar Illo, ana jiran motar Birnin Kebbi ta cika. Tsoho Usuman masunci ya matsa wa wani baƙo a kan benci.

"Ɗana, ku mutanen birni kuna ba ni mamaki. Ga boko, ga wayewa, amma kowane zaɓe tsofaffin hannu kuke mayarwa. Mi ya sa?"

"Baba, shagona a bakin titi yake, kuma sabuwar gwamnati da rusau take fara aiki. Ku in ruwa ya ci ɗakinku, dangi su taru su tayar da wani. Mu wa zai taru?"

"Harshenka dai na ƙasar ga ne."

"Ɗan ƙauyen Geza ne ni, nan kusa. Da ƙuruciya, ni ke hawa bayan motar yaƙin zaɓe ina kiran canjin gwamnati har muryata ta dushe."

"To, in sun rushe, ba sai ka dawo gona ba?"

Baƙon ya dubi buhunan albasar da ake lodawa.

"Gonar na sayar, Baba. Ita ce shagon."

Usuman ya girgiza kai a hankali.

"Ashe ba son su kake yi ba, ɗana. Wurin komawa ne ba ka da shi."