Ƙarfen Makaranta da Ƙofar Aji

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, barka da aiki, kai da masu sauraro. Ni ce Hajiya Asabe daga Barnawa.

Da daminar nan na je gano ƙanwata Hadiza a ƙauyensu, can gaba da Rido. Su mutanen fadama ne, masu noman shinkafa da rake. Makarantar firamare ce kawai a ɓangarensu, asibiti kuwa yana tsallaken rafi, kan tudu wajen masu masara.

Ran nan da hantsi maciji ya sare ta a gona, ga rafi ya cika, babur ba ya wucewa. Ni dai salati kawai nake yi. Sai shugabar makarantar, Malama Rahila, ta ce, "Hajiya, ci gaba da addu'a, ni bari in tara mana jama'a." Ta dinga buga ƙarfen da ake tashin yara da shi, ba ƙaƙƙautawa. Ashe al'adarsu ce, wanda duk ya ji irin wannan bugu sai ya yar da fartanya ya rugo.

Maza suka cire ƙofar aji, suka kwantar da Hadiza a kai, suka ratsa ruwa har ƙirji. Malamin asibiti ya sa mata ruwa, ya nemo motar da ta wuce da ita cikin gari. Alhamdulillahi, yau tana takawa da ƙafarta.

Ina gaida Malama Rahila da duk wanda ya sa kafaɗa, Allah Ya saka da alheri. An mayar da ƙofar aji, Malam, amma rafin yana nan. Don Allah, wa za mu je mu gani a yi musu gada?