Zinariyar Dajinmu a Wuyan Wa?

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Hafsatu, daga wani ƙauye kusa da Kutemeshi.

Makon jiya kun haɗa masana daga Nijar, Ghana da ƙasar Larabawa suna muhawara kan cinikin zinariya tsakanin ƙasashe. Na yi ta kira, da ƙyar aka ɗauka, sai wani ya ce min, "Hajiya, wannan zancen manya ne," ya kashe. Wallahi har yanzu raina a ɓace yake.

Ni ma'abociyar littattafan soyayya ce. A cikinsu kullum ango yana dawowa daga waje da sarƙar zinariya, ni kuwa in rungume littafi ina mafarkin tawa. Ashe a dajinmu ake haƙo ta! Maigidana yana cikin masu shiga rami. Ramin ya rufta masa, yanzu ƙafarsa ɗaya ba ta takawa, kuma ko ɗan kunne bai taɓa iya saya min ba.

To su wane ne manyan? Don Allah ku maimaita shirin, ku buɗe mana layi. Tambaya ɗaya zan yi wa baƙonku na ƙasar Larabawa: a wuyan matar wa ƙafar mijina take rataye?